Ranar da Na Tare Ƙofar Raga

Ranar Asabar ɗin da za a binne Ɗan'uwa Harlan, ni aka ɗora wa kaji. A cocinmu haka ake yi, in an yi rasuwa kowace mace da abin da take kawowa, kuma tun da idon Mis Opal ya mutu kaji suka dawo kaina. Tun da safe na jiƙa naman a madara, na kwaɓa burodin masara, na ɗora tukwanen ƙarfe biyu a wuta. Ga kuma surukina can a ɗakin ɗinki, zaune a ƙasa da jaririyarsa Josie a cinya, an sauke labule.

Wilmer sunansa. Mutumin Honduras ne, rufin gidaje yake yi, shi ya auri 'yata ta uku, Tamra. Takardunsa na zama a ƙasar nan ba su kammala ba. Akwai wani zaman kotu da bai je ba, don an aika masa kiran zuwa tsohon gidan da suka tashi, shi ke nan aka yanke cewa a fitar da shi daga Amurka, shi bai ma sani ba. Ranar Juma'a yana kan rufin wani, maƙwabciyarsu ta kira Tamra ta ce ga mutanen gwamnatin tarayya a ƙofar gidansu. Kafin yamma sun iso wurina da jakar kayan jaririya.

Lauyarsu, wata yarinya daga Atlanta mai magana kamar ana korar ta, ta yi mana bayani a waya. Ranar Litinin da an buɗe kotu za ta shigar da takarda a sake duba maganar. Da ta shigar, ba mai sa shi a jirgi sai alƙali ya saurare shi. Amma in suka kama shi kafin nan, ta ce mai yiwuwa kafin ta gano wace jiha aka kai shi ya riga ya sauka a Honduras.

Na ce, "To mu yi yaya?"

"Ya zauna cikin gida, Mis Nelda. In ba su zo da takarda mai sa hannun alƙali ba, ba su da ikon shiga gidanki sai kin yarda. Kada ki yi musu ƙarya, kada ki taɓa jikinsu, kada kuma ki ce su shigo."

"'Yar nan, ƙarya dama ba na yi. Na ƙarshen ne aiki."

Ta yi dariya, ta ɗauka wasa nake. Ita ba a nan ta girma ba. A nan kudancin jihar Jojiya ba a barin mutum tsaye a baranda. Mai karanta mita, mai tallar inshora, masu yawon wa'azin nan da ba mu yarda da koyarwarsu ba, duk wanda ya tako matakala zai ji "shigo ka sha shayi" kafin a tambaye shi sunansa. Uwata ta taɓa marina don na bar wani mai sayar da tsintsiya a rana. Baki ne ke faɗa tun kai bai gama tunani ba.

Ni ba mai ƙin hukuma ba ce. Tutar Amurka tana rataye a barandarmu tun kafin a haifi Tamra, babban ɗana ya yi soja, kuma a zaɓen da ya wuce ni da mijina Doyle waɗanda suka ce za su tsare iyaka muka jefa wa ƙuri'a. Tamra ta jima ba ta zo cin abincin Lahadi ba a kan haka. Na ce mata masu shigo da ƙwaya nake nufi, ta ce takardar zaɓe ba ta da gurbin da ake rubuta wanda ake nufi. Bakinta irin na ubanta ne.

Doyle kuwa bai san komai ba. Ya kai lodin katako jihar Tenesi tun tsakiyar mako, kuma in yana kan hanya wayarsa a kashe take, ya ce ita ke kashe direbobi. Na kira na gaji. Ko da ya ɗauka ma ban san ta inda zan fara ba. Sai da fasto ya zo har gida kafin Doyle ya yarda ya je bikin auren, kuma har yau "yaron nan" yake kiran Wilmer, mutumin da ya haura talatin har da 'ya.

Tamra ta tafi aiki da safen nan, gidan kula da tsofaffi, don in ba ta je ba za su ba wata. Ta fita, ta dawo ta sumbaci jaririya, ta fita, ta sake dawowa wai ta manta makulli alhali yana hannunta.

Na ce, "Ki tafi ko ki zauna, kina sa mini ƙuda a gida."

"Mama, in suka zo..."

"In suka zo ina nan. Wuce."

Ni ma ba zaman na iya ba. In juya kaza in leƙa taga, in juya kaza in leƙa taga. Duk motar da ta rage gudu a titinmu sai in ɗauka su ne, ashe ramin nan ne na gaban gidan su Opal da kowa ke kauce wa. Na yi addu'a a tsaye, na yi da cokali a hannu. Na hana Wilmer leƙowa kicin, don daga ƙofar gaba ana hango murhuna kai tsaye. Ƙofar katako kuwa a buɗe na bar ta, in ba haka ba hayaƙin mai zai kashe mu, na dai sa wa ta raga, mai tare ƙuda, ƙugiya.

Rana ta ɗaga sosai sai ga motoci biyu sun tsaya. Ɗaya ta 'yan sandan gundumarmu, ɗaya farar mota ba rubutu. Wanda ya fara hawowa baranda, cikin kayan ɗan sanda, Garrett ne, ɗan 'Yar'uwa Jewel, wanda na koyar a makarantar Lahadi. Bayansa wani dattijo mai furfura da riga mai kauri a wannan zafin. Wata matashiya ta tsaya jikin farar motar.

"Barka da rana, Mis Nelda."

"Garrett Mabry. Cire hular nan kana magana da ni."

Ya cire. Kunnuwansa sun yi ja.

"Ba ka wajen jana'iza?"

"Ina bakin aiki, Mis Nelda. Rakiya kawai aka ce in yi."

Mai furfurar ya gaishe ni da ladabi, ba zan ɗora masa abin da bai yi ba. Ya ce daga ofishin shige da fice suke, suna neman Wilmer Zelaya, an gaya musu nan ne gidan surukansa. Ya ɗaga wata takarda jikin raga.

Na ce, "Alƙali ne ya sa hannu?"

"Ofishinmu ne ya sa, Madam."

Na dubi Garrett. Shi kuma takalminsa yake duba. Ya ce, "Ba ta alƙali ba ce, Mis Nelda."

Mai furfurar ya ce, "Yana ciki?"

"Ba zan amsa wannan ba."

"Za mu iya shiga mu yi magana a inuwa? Ba za mu daɗe ba."

Gumi na bin wuyan mutumin nan, ga shi sa'an Doyle. Kalmar "shigo" ta zo mini har kan harshe, na ji ta kamar yadda ake jin atishawa. Na cije leɓe na ce, "A'a. Ku yi haƙuri." Tun da aka haife ni ban taɓa jin kunya irin ta lokacin ba. Sai na ce su jira, na ruga kicin, na kwashe kajin da suka soyu, na zuba sabbi, na cika kofuna uku da shayi da ƙanƙara. Lauya ba ta ce kada a ba su sha ba. Na cire ƙugiya, na miƙa tiren ta ɗan tsaga, Garrett ya karɓa.

"Har yanzu sukarinki ya fi na Mama," in ji shi.

"Kada ka yi mini daɗin baki. Kai ne ka saki kwaɗo a kwamin baftisma, ban manta ba."

"Ina ɗan shekara bakwai fa, Mis Nelda."

"Kwaɗon bai san wannan ba."

Ina wannan surutun ne don kada su ji motsi a ciki, kuma shi ya sa ban mayar da ƙugiyar ba, ban kuma ji akori-kurar Doyle ba sai da ta shigo tsakar gida. Ya ajiye babbar motar a kamfani ya taho kai tsaye. Ya sauko yana dafe da ƙugu, ya hango mutane tsaye a barandarsa da kofi a hannu, matarsa kuma a bayan raga kamar mai sayar da tikiti.

"Garrett, ya uwarka? Me kuke yi a wannan zafin? Nelda, yau kuma baƙi a waje ake ba su shayi?" Ya ja ƙofar ragar ya buɗe ta gaba ɗaya, ya ja gefe ya riƙe musu. "Ku shigo mana. Ku shigo."

Mai furfurar ya ajiye kofinsa a kan shingen baranda. "Mun gode, Mista Tillery."

Ya ɗaga ƙafa. Ni kuma na shiga tsakiyar ƙofar, na dafa katako da hannu biyu. Allah ya yi ni da faɗi, ba wanda zai wuce sai ya ture ni.

Na ce, "A'a."

Doyle ya dube ni. "Me kika ce?"

"Na ce a'a. Ba za su shiga ba."

Shekara talatin da wani abu muna tare, ban taɓa musa wa Doyle a gaban mutane ba. A ɗaki mukan yi, har kwano ya taɓa fashewa, amma a waje abin da ya ce shi ke nan. Haka aka koya mini, haka na koya wa 'yan matan cocinmu, miji ne shugaban gida, kuma har yau ban canza ra'ayi ba. Ga shi na yi a baranda, gaban ɗan Jewel da baƙin gwamnati.

Mai furfurar ya ce, "Mai gidan ya ba mu izini, Madam."

"Ni ma gidana ne. Sunana na jikin takardar gidan."

Garrett ya yi gyaran murya. Bai dubi kowa ba, shayinsa yake wa magana. "In masu gida biyu suna nan, ɗaya ya ce a shiga ɗaya ya ce a'a, da a'a ake aiki. Haka aka koya mana. Muddin dai mai a'ar tana nan tsaye tana faɗa."

Mai furfurar ya yi masa wani kallo. Ni kuwa "muddin tana nan" ɗin nan ce ta tsaya mini. Wato in na gusa, maganar Doyle ce ta rage. Ban sani ba ko zuwa kicin ma ana lissafa shi tafiya, wayata na can kan teburi balle in tambayi lauya, kuma ba da Wilmer zan gwada ba.

Doyle ya ce, "Wa ke ciki, Nelda?"

"Kada ka tambaye ni a nan."

Daidai nan Josie ta tsala kuka daga ɗakin ɗinki, sai kuma ta yi shiru, irin shirun jaririn da aka ɗauka aka jijjiga. Kowa ya ji. Na ga fuskar Doyle ta sauya. Mai furfurar ya yi masa bayanin komai a taƙaice, da umarnin fitarwa da zaman kotun da ba a je ba.

Doyle ya ce, "Doka doka ce."

"Na sani."

"Na ce su shigo."

"Na ji ka, kunnena lafiya lau."

"To matsa."

"Ba zan matsa ba, Doyle."

Mai furfurar ya ɗan shaƙi iska. "Madam, kamar wani abu na ƙonewa."

Gaskiyarsa. Kajin Harlan ne. Ina jin ƙaurin yana tasowa ta bayana, ina jin man na tartsatsi, ba abin da nake so sai in ruga. Ni mace ce da ko a coci ba na iya zama sai ina ninke wani abu, ga shi an kafe ni a ƙofa tukunya biyu na cin wuta. Sai na'urar hayaƙi ta fara ihu.

Doyle ya ce, "Ni ma hana ni za ki yi? Ko gidan za ki bari ya ƙone don ki ci gardama?"

Na karkata kaɗan, hannu ɗaya na kan katako. Ya matsa ya wuce, bai dube ni ba. Na ji ya sauke tukwane, ya buɗe ƙofar baya, ya buge na'urar da tsintsiya har ta yi shiru. Sai na ji takalmansa sun fito daga kicin sun bi ta lungu. Suka tsaya a ƙofar ɗakin ɗinki. Ƙofar ta buɗe, ta rufe.

Nan ne na ji tsoro na gaske. Doyle zai iya riƙo hannun yaron nan ya fito da shi ya ce ga shi, kuma ya kwana da zuciya ɗaya cewa ya yi daidai. Ba ni da damar waiwayawa. Ina kallon baƙi, kunnena na baya, ba na jin komai sai ƙasa-ƙasan muryar maza.

Mai furfurar ya ce, "Ni ma ina da jikoki, Madam. Ba ni na rubuta dokar nan ba. Mutane ne suka yi zaɓe suka ce a yi wannan aikin."

"Na sani. Ina cikinsu."

"To kin ga."

"Ban ga komai ba. A makaranta ban yi nisa ba, amma an gaya mana gidan mutum nasa ne, hukuma ba ta faɗa masa haka kawai. Wannan ma doka ce ko an cire ta?"

"Ba a cire ba."

"To ka sha shayinka, ƙanƙarar na narkewa."

Wayata ta yi ta ƙara a kicin har ta gaji. Ba a jima ba ta Garrett ta ɗauka. Ya duba, ya runtse ido, ya kara a kunne. Muryar Jewel ba ta buƙatar lasifika, ita ce shugabar kicin ɗin coci kuma har titi ake jin ta.

"Garrett, kana ina? Ka biya gidan Nelda ka ga ko lafiya. An kusa fitowa daga maƙabarta, ba kaza ko ɗaya, ba ta ɗaukar waya."

"Mama, ina gidan ma."

"To madalla, ɗauko kajin."

"Mama, aiki ne ya kawo ni."

"Wane aiki a gidan Nelda? Ta yi fashi ne? Ba ni ita."

"Ba za ta iya zuwa waya ba yanzu."

"Kai dai tun kana yaro ba a aiken ka a huta."

Ya kashe. Matashiyar da ke jikin mota ta juya baya, kafaɗunta na motsi.

Can sai na ji ƙofar ɗakin ɗinki. Takalma biyu kawai na ji, na Doyle, masu nauyi. Suka koma kicin. Sai ƙarar kunna murhu.

Na ce, ban waiwaya ba, "Me kake yi?"

"Me kika ji ina yi?"

"Canza man, wancan ya ƙone. Akwai sabo a ƙasan kabad."

"Na gani."

"Kada ka cika tukunyar, guda shida-shida. Ka kaɗe garin kafin ka saka."

"Nelda, ki tsare ƙofarki, ki bar ni da tukunyata."

"Ka taɓa soya wani abu a rayuwarka ban da ƙwai?"

"Na yi soja kafin ki san ni."

"Dankali ka fere a soja, kai ka gaya mini."

Haka muka yi ta yi, ni ina ba da umarni ga titi, shi yana gunaguni ga tukunya. Baƙin suna nan. Mai furfurar ya sauka ya yi waya, ya dawo, ya zauna a kujerar lilo ba wanda ya ce masa ya zauna, ni kuma na ji daɗi da ya zauna. Gwiwoyina suka fara zafi. Fitsari ya matse ni. Ƙuda suna ta shiga don ƙofar raga na buɗe a bayan Garrett, ba wanda ya yi tunanin rufewa. Na tuna ana can ana sauke Harlan cikin ƙasa, mutumin da ya kai ni asibiti ranar haihuwar Tamra don Doyle na hanya, ni kuma ban je na jefa masa ko fure ba. Na roƙi Ubangiji a zuci, ba wata doguwar addu'a ba, kawai kada ƙafata ta saki.

Daga ƙarshe Doyle ya fito da manyan tire biyu an rufe da takardar azurfa. Ya ɗora baƙar kwat ɗinsa ta jana'iza a kan rigar hanya mai maiƙo. Na karkata ya wuce. Ya miƙa wa Garrett tire ɗaya.

"Riƙe, kai mota. Uwarka za ta cinye mu."

Sannan ya tsaya gaban mai furfurar. Shi ma ya miƙe.

"Na ce ku shigo. Ban saba janye magana ba, ba kuma yau zan fara ba. Amma Harlan abokina ne tun muna yara, an binne shi ba ni, ba za a ci abincinsa ba ni ba. Zan tafi. In na tafi mai gida ɗaya ce ta rage." Ya nuna ni da haɓa. "Sai ku yi da ita. Ni na gaza."

"Za mu iya dawowa da takardar alƙali, Mista Tillery."

"Ku kawo. Da hannuna zan buɗe muku."

Ya sauka matakala, ya tsaya, ya ɗan juyo. "Ni da ke akwai magana."

"Kazar ta nuna a ciki kuwa?"

Ya shiga mota ya ja.

Mai furfurar ya jera kofunan a kan tire, ya ce an gode da shayi. Suka koma farar motar, suka tsallaka titi suka faka ƙarƙashin itacen gidan Opal. Garrett ya sa hularsa. Ya sauka matakala ya tafi. Na ja ƙofar raga na sa ƙugiya, na rufe ta katako na murɗa makulli, na ruga banɗaki.

Da na shiga ɗakin ɗinki Wilmer na inda na bar shi, rigarsa ta jiƙe sharaf, Josie na barci a ƙirjinsa.

"Me ya ce maka?"

"Ya tambaye ni me ya sa ban je kotu ba, Mama. Na gaya masa."

"Sai me?"

"Ya ce ni wawa ne. Wai wa yake tashi daga gida bai gaya wa gidan waya ba."

"Shi ke nan?"

"Ya daɗe yana kallon Josie. Sai ya ce in matsa daga jikin taga."

Farar motar ba ta tafi ba sai da rana ta yi sanyi. Doyle ya dawo daga coci, ya ci abinci a tsaye. Tamra ta so ta rungume shi, ya ce ta bar shi, warin mai yake.

Da safen Lahadi motar ta dawo wurinta. Na sa rigar coci, na cire, na sake sawa. Ban taɓa fashin sujada ba sai da haihuwa ko asibiti, kuma ni ke riƙe da ajin yara. Amma in na fita, mai gidan da zai rage shi ne mutumin da ya ce bai janye maganarsa ba. Tamra ta biyo ni ɗaki tana raɗa, "Mama, kada ki tafi."

Doyle na zaune a kicin da kofin gahawa, ko aski bai yi ba. Ya ce, "Ki tafi cocinki. Ina nan."

"In sun ƙwanƙwasa me za ka ce?"

"In da takardar alƙali zan buɗe. Na faɗa jiya."

"In babu fa?"

"Sai in yi shiru kamar ba kowa."

"Motarka na waje, Doyle. Kuma Garrett ya san tarinka."

Ya juya kofin a kan teburi, ya sake juyawa. "To sai in ce matata ta hana. Ai duk garin nan an riga an sani."

Na ɗauki jakata na fita. Na wuce ta gaban farar motar, na ɗaga musu hannu don ba a wuce mutum ba gaisuwa, matashiyar ta ɗaga mini.

A coci ban ji kalma ɗaya daga wa'azin ba. Iyalin da suka saba zama a bencinmu sun koma can gaba. Wata ta matse mini hannu a bakin ƙofa. Jewel ta matso ta raɗa mini cewa kajin jiya rabi sun ƙone rabi da jini, amma an cinye. Na sallami yara da wuri, ban jira waƙar ƙarshe ba, na tuƙo gida kamar mai kai mara lafiya. Na tarar da ƙofa a kulle. Sai da na ƙwanƙwasa har sau uku na faɗi sunana kafin Doyle ya buɗe.

"Sun zo?"

"Sun zo."

"Me ka ce?"

"Abin da na ce zan ce. Akwai abinci ko sai na sake soyawa?"

Ranar Litinin na tafi aikina, kicin ɗin makarantar firamare. An hana mu riƙe waya a wajen rabon abinci, na sa tawa a aljihun atamfar aiki. Ina cikin zuba wa yara makaroni ta yi motsi a cinyata. Na ce wa ta kusa da ni ta riƙe mini, na shiga ɗakin ajiya. Tamra ce, tana kuka tana magana, da ƙyar na gane. An shigar da takardar. Ba jirgi sai alƙali ya ji shi.

Na ce, "To share hancinki. Kin ba yarinyar nan abinci?"

Da yamma lauyar ta kira ta ƙara bayani, don kada mu yi murna ta wuce wuri. Ta ce har yanzu suna iya ɗaukarsa su tsare shi in sun gamu da shi a hanya ko a wajen aiki, fitar da shi ne kawai ba za su yi ba tukuna. Abin da alƙali zai ce kuwa ba wanda ya sani, kuma zaman na iya kai wa baɗi.

Maganar da Doyle ya ce akwai, mun yi ta ina wanke kwanuka yana tsaye jikin firji.

"A gaban mutane, Nelda."

"A gaban mutane ka buɗe ƙofar."

"Da kin gaya mini."

"Da ka kunna waya."

Can ya ce shi dai ra'ayinsa na nan, ƙasa sai da iyaka, kuma zaɓe mai zuwa inda ya jefa nan zai sake jefawa. Na ce ban tambaye shi ba, ya miƙo mini tukunyar da ke bayansa.

Wilmer ya koma kan rufi cikin makon nan, don madarar jaririya ba ta jiran alƙali. Sun koma gidansu. Yanzu kowace yamma in na taso aiki sai na kira Tamra kafin in cire takalmi. Wani lokaci ta ce ya dawo, yana wanka. Wani lokaci ta ce tukuna, sai in ajiye wayar a kan teburi, in yanka albasa, in goge murhun da na riga na goge, in sake kira.